Amsoshin Tambayoyinku: Ƙidayar Bakita da Kunne

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya tambayi yadda ake sanin adadin dabbar tekun da ido bai cika ganinta ba.

To, Malam, bakita, ƙaramar 'yar'uwar dolfin wadda Allah bai ajiye ta ko'ina ba sai mashigin tekun Kalifoniya na Mekziko, tana neman abincinta ne da wani siririn sauti wanda kunnen ɗan Adam ba ya riskarsa. Saboda haka tun 2011 masana suka nutsa na'urorin sauraro cikin ruwa suna lissafinsa, domin raguwar sautin hujja ce bayyananniya ta raguwar masu yinsa. A 1997 an ƙiyasta bakita 567; a 2018 ba su kai 19 ba. Babban musabbabin wannan musiba kuwa ragar masu kamun kifin totoaba ce, wadda bakita ke sarƙewa ciki ta halaka.