Yaɗiya a Gindin Inuwa

Wata hajiya ta zo wurin da nake renon itatuwa a Machina, ɗauke da tukunyar fulawa da ɗanta ya sayo mata daga Jos. Ganyen kamar gashin jimina, amma duk ya ƙone. "Malam, a inuwa fa na ajiye shi," in ji ta. Na ce, "Hajiya, inuwar Jos da raɓa take tafe, tamu kuwa da iska mai zafi."

Irin wannan tsiro na kurmi ne, laima yake so dare da rana. Mu nan damina wata uku ce, daga Yuli zuwa Satumba, sauran shekara rairayi da buji. Ko a Nguru da Gashuwa da suke da fadama, watan Afrilu ba ya raga wa baƙon tsiro.

Abin da nake ba mutane shawara a kai shi ne yaɗiya. Raina ta ake yi don a daji take, alhali da rani tsaka, lokacin da ciyawa ta zama ƙaiƙayi, za ka gan ta kore shar a kan aduwa. Saiwarta na nitsewa can ƙasa, ga ganyen kwaɗo in an tafasa an zubar da ruwan farko an sa ƙuli-ƙuli.

In za a shuka ta, a tsinko kwansonta idan ya bushe, kafin ya fashe, don irin yana da gashi kamar auduga, iska kaɗan ta kwashe shi. A zuba rairayi da tsohon taki a leda, a shuka, a dasa idan damina ta zauna.

Inda aka fi kuskure shi ne wurin dasawa. Kada a kai ta can ƙarƙashin maina: inuwarta ta yi duhu, saiwoyinta kuma sun shanye ruwan wurin. Na taɓa asarar leda goma sha biyu a haka, da hannuna. A nemi bakin inuwa, gefen da hantsi ke bugawa, a jingina mata kara ko danga ta hau. Gindi a sanyi, kai a rana.

Sai akuya. A kewaye da ƙaya tun ranar farko, don ita ma ta san daɗin yaɗiya.