Kwikwiyo da akurki: yadda za mu hana shi ɓata gida da dare

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasinmu na yau a kan kare yake. Kada kowa ya yi dariya. A Gidan Amumune da sauran ƙauyukan Mayahi da Tasawa, kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a bakin garke. Shi ke haushi idan dila ko ɓarawo ya doso awaki. Malamanmu sun ce babu laifi a ajiye kare don tsaron dabbobi, ko gona, ko farauta. Amma sun ce kashinsa da fitsarinsa najasa ne. Likitoci kuma sun ce akwai cuta a cikin kashin.

Mun san abin da ke faruwa idan an kawo sabon kwikwiyo gida. Da safe uwargida ta fito shara, sai ta tarar da kashi a gindin turmi, ko kusa da randa, ko inda maigida ke shimfiɗa tabarmar salla. Sai a kama kwikwiyo a doke shi. Gobe ya sake. Jibi ma haka.

Mene ne a cikin kashin?

Yawancin ƴan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsu. Suna samunta tun suna cikin uwarsu, ko kuma ta nononta. Tsutsar doguwa ce, fara, kamar taliya. Macen tsutsa ɗaya tana iya zuba ƙwai har dubu 200 a rana guda. Ido ba ya ganin ƙwan. Yana fita tare da kashi, ya gauraya da rairayin tsakar gida.

Mu lura da wannan da kyau. Ƙwan ba ya cutarwa a ranar da ya fito. Sai ya yi mako 2 zuwa 4 a cikin ƙasa kafin ya nuna. Bayan nan yana iya yin watanni yana jira. Wa zai same shi? Jaririn da ke rarrafe, yana damƙar ƙasa yana kai wa baki. Idan ya haɗiye ƙwan, ƴar tsutsa za ta fito ta bi jini. Tana iya zuwa hanta, ko huhu. Wani lokaci har ido take shiga, ta rage wa yaro gani.

Ke nan kashin da aka kwashe da safe, an rage mugun abu. Wanda ya ɓuya a bayan rumbu ko ƙarƙashin tarin kara, shi ne abin tsoro. Shi ya sa muke son kare ya saba da wuri guda, wurin da muka sani.

Halin kwikwiyo

Allah ya yi kare da wani hali da za mu amfana da shi: ba ya son ɓata inda yake kwana. Tun yana da mako 3 zuwa 4 yake jan jiki ya bar makwancin uwarsa kafin ya yi fitsari. Babu wanda ya koya masa.

Sai dai mararsa ƙarama ce. Ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa 2 ko 3 idan yana farke. Idan yana barci yakan ɗan ƙara. Daren ɗari kuwa, daga isha'i zuwa asuba, ya fi awa 8. To, ina zai kai? Ba taurin kai ba ne, rashin iko ne. Ɗan mutum ma sai da aka yi ta ɗora shi a ƙafa ana tsuguna da shi kafin ya iya.

A birane ana sayar da kejin ƙarfe don wannan aiki. Mu ba mu bukatarsa. Muna da akurki. Masu saƙar kaba ba su yi mana wuya ba a bakin Gulbin Kaba, kuma kowane magidanci ya iya ɗaure sanduna da igiya. Akwatin katako mai kafofin shan iska ma ya isa. Amma a yi sabo. Kada a ɗauko tsohon akurkin kaji, domin yana cike da ƙuma da kaska.

Girman akurkin shi ne babbar magana. Ya zama kwikwiyo zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Kada ya wuce haka. Mu kanmu mun taɓa yin kuskure a nan. Muka yi wa namu babban akurki, muna ganin mun kyauta masa. Sai ya mai da gefe ɗaya ɗakin kwana, ɗaya gefen kuma salanga. Da muka raba akurkin biyu da guntun zana, cikin ƴan kwanaki ya daina.

A zuba rairayi mai tsabta a ƙasa. Da ɗari, a watannin Disamba da Janairu, a shimfiɗa tsohon buhu, a kuma kare gefen da iska ke bugowa. Da bazara a sa akurkin inda iska ke wucewa. A ajiye shi a waje, kusa da ƙofar ɗakin wanda zai riƙa tashi, yadda zai ji motsinsa. A nisanta shi da madafa da randa.

Tashin dare

Da farko mu zaɓi wurin da zai riƙa zuwa. Ya zama a bayan danga, inda yara ba sa wasa, inda dabbobi ba sa kiwo. Ya yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30. Idan an zaɓa, kada a canza.

A ba shi abincinsa na ƙarshe kafin magariba. Kwikwiyo yakan ji kashi jim kaɗan bayan ya ci, don haka da ya gama a kai shi wurin. Ruwa kuwa, da ɗari ana iya ɗauke kaskon bayan isha'i. Da zafi kada a hana shi ruwa ko kaɗan. Gara mu ƙara tashi sau ɗaya da a wayi gari ya galabaita.

Bayan isha'i a sake kai shi, sannan a sa shi a akurki a rufe. Tsakar dare a tashi a fitar da shi. Ɗan wata 2 yana iya bukatar fita sau 2. Da asuba, kafin a yi alwala, a sake fitar da shi. A ɗauke shi a hannu, domin idan aka bar shi ya taka, a hanya zai tsuguna. A sa takalmi, a riƙe fitila, saboda kunama da maciji.

Idan an isa, a tsaya shiru. A zaɓi kalma ɗaya, kamar “yi maza”, a riƙa faɗa masa ita kullum. Da ya gama, a yaba masa nan take da murya mai daɗi, ko a ba shi ɗan ƙanzo. Sai a mai da shi akurki. Kada a tsaya wasa da shi. Idan ya gane akwai wasa da dare, zai riƙa tashin gida ba don fitsari ba. A dawo a wanke hannu da sabulu, in babu a sa toka.

Wani zai ce: wa zai bar barcinsa saboda kare? Ai mukan tashi idan tunkiya tana naƙuda. Wannan ma na ɗan lokaci ne. Idan ya kai wata 3, tashi ɗaya yakan isa. Daga wata 4 zuwa 5 yawancinsu suna kwana har asuba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma aikin na babba ne, ko saurayi mai hankali. Kada a ɗora wa ƙaramin yaro.

A dararen farko zai yi kuka, domin yana kewar uwarsa. Ba a raba kwikwiyo da uwa kafin ya cika mako 8. Idan za a ɗauko shi, a haɗo da tsumman da ya kwana a kai, a sa masa a akurki. Idan ya farka daga barci yana kuka yana zagaye, fita yake so, a hanzarta. Idan kuwa yanzu aka dawo da shi, a ƙyale shi, zai yi shiru.

Idan ya yi ɓarna a akurki fa? Kada a doke shi. Kada a tura hancinsa cikin kashin, kamar yadda wasu ke yi. Ba ya haɗa dukan safiya da abin da ya yi tsakar dare. Abin da zai koya kawai shi ne tsoronmu, sai ya koma ɓuya yana yi. A kwashe rairayin duka, a zuba sabo, a wanke buhun a shanya. Idan wari ya rage, nan zai sake. Sannan gobe a tashi da wuri kaɗan.

Akurki na dare ne. Da rana a buɗe masa, ya yi yawo, ya saba da awaki da mutanen gida. Karen da aka kulle dare da rana ba zai yi tsaro ba.

Kowace safiya a kwashe kashin da tsohuwar fartanya. A zuba a salanga, ko a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya a binne. Kada a haɗa shi da takin da za a kai lambu.

Wajen likitan dabbobi

Horo ba ya kashe tsutsa, sai magani. A kai kwikwiyo wurin ma'aikacin kiwo mafi kusa, ya auna masa maganin tsutsa daidai nauyinsa. Yawanci ana maimaitawa kowane mako 2 har ya kai wata 3. A wata 3 ɗin kuma ake yi masa allurar riga-kafin haukan kare. A tambayi likitan ranar da za a sake ta. Idan kwikwiyo yana zawo da jini, ko yana amai, ko ya ƙi abinci, wannan ba maganar horo ba ce. A kai shi ranar.

Akwai wata tsila da kare ke ɗauka idan ya ci hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa. Ita ƙwanta yana cutarwa tun ranar da ya fito, ga mutum da tumaki duka. Saboda haka ranar layya, idan an ga irin wannan hanta, kada a jefa wa kare. A ƙone ta, ko a binne da zurfi.

Idan kare ya kai wata 6 ya saba, sai a daina rufe akurkin, domin aikinsa na dare ya fara. A bar masa shi a buɗe kusa da garke. Ramin bayan danga kuwa, idan ya kusa cika, a rufe shi da ƙasa, a haƙa wani dab da shi.