Tana da Maganin Ƙwari

Da ina yaro a Kontagora, in an yi ruwan fari mu kan tona gefen fadama mu sami tana, mu sa wa ƙugiya. Ban taɓa tunanin abin da ke cikinta ba sai bara, sa'ad da na ke koyon koyarwa. Na kai 'yan ajina lambun makaranta, wani yaro ya tambaye ni ko feshin da babansa ke yi wa wake yana taɓa tana. Na yi shiru. Amsar da na nemo daga baya ke nan.

Tana ƙasa ta ke haɗiya tare da ruɓaɓɓen ganye, kuma ta fata ta ke numfashi. Saboda haka duk abin da aka zuba wa gona zai shige ta ta hanya biyu. Akwai magunguna, irin su DDT da Gammalin 20, waɗanda ba su narkewa sosai cikin ruwa, sai cikin kitse. In sun shiga jikinta ba su fita da sauƙi, sai su yi ta taruwa, har abin da ke jikinta ya fi na ƙasar yawa. Sau da yawa ba ta mutuwa, yawonta ta ke yi da gubar.

A Amurka aka fara lura. An yi wa itatuwan gari feshin DDT, ganye ya zube, tana ta ci, wani tsuntsu mai jan ƙirji ya ci tana, ya mutu. Roy Barker ya bayyana wannan a 1958, an kuma lissafta manyan tana 11 sun isa kashe tsuntsu ɗaya. Rachel Carson ta ba duniya labarin a 1962. A 2001 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Stockholm ta hana DDT a gona, amma irinsa kan yi shekaru cikin ƙasa.

To, mu ba mu da wannan tsuntsu, amma muna da kaji da zabi masu bin bayan garma, ga kuma tarwaɗa. Ƙwan da uwata ta ke dafa mini daga can ya ke fitowa.

In za ku koya wa yara, ku jira damina. Ku haƙa taki ɗaya a gonar da a ke yi wa feshi, ɗaya a wadda ba a yi wa, yara su ƙirga da kansu. Ƙirga ba za ta nuna gubar da ke cikin mai rai ba, wannan sai ɗakin awo. Su wanke hannu kafin tara.