Darasin lafiya: matata mai rai, maganin gurɓataccen ruwa da iska

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abubuwa biyu da rai ba ya yi sai da su, wato ruwan da muke sha da iskar da muke shaƙa. A garuruwanmu da yawa, da damana ta sauka sai a bar rijiya mai nisa a koma tabki. Tabkin nan kuwa nan dabbobi suke sha, nan ake wanki, nan kuma ruwan sama yake koro kashin da aka yi a fili. Daga nan zawo da ciwon ciki da tsutsar ciki suke shiga gida, kuma yara ƙanana su ne suka fi shan wuya. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa cikin jahar Maradi a shekara ta 2018 ba, ga ta kuma ta sake dawowa jahohi da dama a 2021.

Tacewa iri biyu ce

Akwai tacewar ƙyalle, wadda kowa ya sani. Ita ce ta taimake mu a yaƙi da kurkunu, domin ƙwaron ruwan da yake ɗauke da tsutsar ya fi ƙarfin idon ƙyalle. A 1991 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 30,000 a Nijar, amma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar cewa cutar ta ƙare a ƙasarmu. Sai dai ƙwayoyin kwalara da na zawo sun fi wannan ƙwaro ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƙyalle ba ya tare su duka.

Tacewa ta biyu ita ce muke kira matata mai rai. A cikin ruwa da ƙasa akwai halittu ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ba dukansu ne masu cutarwa ba. Wasunsu ne suke sa nono ya yi tsami, su ne kuma suke mai da shara taki. Abincinsu shi ne dauɗa, har wasu suna cinye ƙwayoyin cuta. In aka yi musu mazauni a kan yashi, aka bi da ruwa ta cikinsu a hankali, sai su yi mana aikin tsabtacewa ba tare da mai ko lantarki ba.

Abin da ya faru a Jamus

Tun 1829 aka fara tace ruwan birnin Landan na Ingila da yashi. Amma babbar shaida ta zo ne a 1892 daga ƙasar Jamus. Birane biyu, Hambur da Altona, suna manne da juna, kogi ɗaya suke sha. Hambur ba ta tace ruwanta, Altona kuwa tana bi da nata ta cikin yashi, alhali ita ce a gangare, inda ƙazantar Hambur take malalowa. Da kwalara ta shigo, mutum fiye da 8,000 suka mutu a Hambur, Altona kuwa ɓarnar kaɗan ce. A farkon shekarun 1990 wani malamin jami'ar Kalgari ta ƙasar Kanada, David Manz, ya ƙanƙanta wannan dabara har ta zama abin da za a girka a tsakar gida.

Yadda ake haɗa ta

Ana bukatar mazubi mai tsawo kamar mita 1, na siminti ko na roba. Kada a ɗauki tanon da ya taɓa ɗaukar man fetur ko maganin ƙwari, ko da an wanke shi.

1. A sa tiyo a gindin mazubin daga ciki, a hauro da shi sama, bakinsa ya fito waje.
2. A zuba tsakuwa manya, kaurin santimita 5, su rufe bakin tiyon na ƙasa.
3. A bi su da tsakuwa ƙanana, su ma santimita 5, don kada yashi ya zurara.
4. A zuba yashi mai laushi da aka tankaɗe aka wanke, kaurin santimita 50 ko fiye kaɗan. A fara zuba ruwa cikin mazubin kafin yashin, don kada iska ta maƙale a ciki. Kada a ɗebo yashi daga inda mutane da dabbobi suke ɓatawa.
5. Bakin tiyon na waje ya zarce saman yashin da santimita 5. Wannan shi ne sirrin aikin, domin haka ne ruwa zai kwanta kullum a kan yashin, halittun kada su bushe su mutu.
6. A sama da ruwan a ɗora faranti mai ƙananan huji, don ruwan da ake zubawa ya sauka kamar yayyafi, kada ya tone yashin.
7. A rufe da murfi.

Yadda ake aiki da ita

Ranar farko matatar ba ta nuna ba tukuna. Halittun suna bukatar kamar kwana 30 kafin su yi shimfiɗa a saman yashin. Sannu ba ta hana zuwa. A cikin wannan wata a riƙa zuba ruwa kowace rana, amma kada a sha abin da ya fito sai an tafasa shi.

Bayan ta nuna, a kiyaye waɗannan ƙa'idodi. A zuba ruwa kullum, kada a bar ta fiye da kwana 2 babu zubi. Tsakanin zubi da zubi a ba ta hutu na awa 1 ko fiye. A tsaya kan ruwan wuri ɗaya, domin halittun da shi suka saba. Kada a zuba ruwan jabel ko ruwan zafi ko sabulu a cikinta, don za su kashe masu yi mana aikin. A matatar siminti irin wadda aka saba ginawa, kwalbar lita 1 takan cika cikin minti 2 da rabi. In ruwan yana gudu fiye da haka, tacewar ba ta yi kyau ba.

In ruwan tabkin ya yi duhu da laka, a fara kwantar da shi. A ɓare busassun ƴaƴan zogale, a daka ƙwayar ta yi gari, a sa kamar ƙwaya 1 ga lita 1, a dama, a bar shi awa 1 ko 2. Lakar za ta kwanta, sai a tsiyaye na sama a zuba a matata. In kuma wata rana ruwa ya koma fita da ƙyar, a ƙara ruwa, a motsa fuskar yashin da tafin hannu a hankali, a kwalfe ruwan da ya gurɓace a zubar. Ba a kwashe yashin.

Abin da ba ta iyawa

Matatar da ta nuna tana tare tsutsotsi da ƙwayayensu kusan duka, tana kuma rage ƙwayoyin zawo da kashi 90 cikin 100 ko fiye. Saura kaɗan ɗin nan yana iya kwantar da jariri. Saboda haka ruwan da za a ba yara da marasa lafiya a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar Aquatabs bisa yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. A tara shi a bido mai murfi ko tulu mai ƙaramin baki, kada a riƙa tsoma moɗar da ta taɓa ƙasa.

Haka nan yashi ba ya cire abin da ya narke cikin ruwa, kamar gishiri da kanwa da guba. A Tibiri ta Gobir, ruwan famfo mai zurfi da ya yi yawan sinadarin fulor ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, alhali ruwan garau yake a ido. Irin wannan sai awon ma'aikatan ruwa.

Ruwan wanka da na wanke-wanke

Ruwan da muke sakewa a titi ta rariya shi ne gidan sauro. A gina rami mai zurfin santimita 50 zuwa 60 a bakin rariya, nesa da rijiya, a cika shi da tsakuwa, a dasa jema a kai. Halittun da suke zaune a jikin tsakuwa da saiwa za su ci dauɗar, tsiron kuma ya sha abin da ya rage. Ruwan ya bi ta ƙarƙashin tsakuwa, kada ya kwanta a fili. Wannan ruwa na itatuwa ne, ba na sha ba.

Iska ma ana tace ta

A Jamus da Holan, mahautai da wuraren tara ƙazantar birni suna tura iska mai wari ta ƙarƙashin tulin taki da ɓawon itace mai kaurin kamar mita 1, wanda ake riƙa jiƙawa. Halittun cikin takin suna cinye warin kafin iskar ta fito. Mu ma muna iya yin irinsa daidai ƙarfinmu. A rufe ramin taki da ƙasa mai danshi, a binne jini da tumbin mahauta, a riƙa watsa ƙasa ko toka a masai bayan an kewaya.

Ƙura kuwa itace ne matatarta. Tun 1965 aka fara dasa shingen itatuwa kewaye da Yamai, a kwarin Majiya na jahar Tawa kuma aka fara jera layukan kare iska a 1975. Manoman Maradi da Damagaram da suka bar gawo da sauran itatuwa suka tofo a gonakinsu sun ga yadda iska ta rage binne shuka. Amma itace ba ya maganin hayaƙin madafa. A buɗe wa madafa taga, a yi amfani da murhu irin Mai Sauƙi, a nisantar da goyo daga hayaƙi.

Tambayoyi don cibiyoyin karatu

1. Me ya sa ba a barin saman yashin matata ya bushe?
2. Kwana nawa matata take yi kafin ta nuna?
3. Waɗanne abubuwa ne yashi ba ya cirewa daga ruwa?
4. A garinmu, ina za a sami yashi mai tsabta, wane magini ne kuma zai iya wannan aiki?

Muna roƙon malaman cibiyoyi su karanta wannan darasi tare da ɗalibai maza da mata, a tattauna, a nemi shawarar ma'aikatan lafiya da na ruwa kafin a girka ta farko. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.