Yadda Za Ka Samo Bidiyon Kyamarar CCTV Bayan Haɗarin Mota Kafin Ya Goge

Darasinmu na yau ba ma fatan ranar amfaninsa ta zo wa kowa, amma gara a san shi a ajiye.

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ko ta Kano zuwa Daura ta Ɗambatta da Kazaure, ya san yadda titin ke ratsa gari bayan gari, ga babura, ga amalanke, ga 'yan makaranta suna tsallakawa. Ranar Lahadi da kasuwar Ɗambatta ke ci kuwa sai a hankali. Idan tsautsayi ya auku, da zarar an kwashe waɗanda suka ji rauni sai gardama ta tashi: wa ya shiga hannun wani? Wani lokacin ma direban ya tsere, babu wanda ya riƙe lamba.

Yanzu a bakin irin waɗannan hanyoyi akwai kyamarori a wasu gidajen mai, shagunan POS, kantunan magani da bankuna. Sai dai bidiyon da suke ɗauka ba ya jiran kowa.

Me ya sa bidiyon yake gogewa?

Kyamarar shago tana tura hotonta ne cikin wani ɗan akwati da ake kira DVR ko NVR, wanda ke da had-dis a ciki. Idan had-dis ɗin ya cika, na'urar ba ta tsayawa, sai ta riƙa ɗora sabon bidiyo a kan mafi tsufa.

Mu yi lissafi. Kyamarar da ke ɗauka a kan megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 21.6 a awa 24. Idan guda huɗu ne, ya zama gigabait 86 da 'yan kai. Ke nan had-dis mai terabait 1 zai cika cikin kwana 11 zuwa 12. Ƙananan kyamarorin sola masu layin waya, waɗanda suka fi dacewa da karkara saboda matsalar wuta, memori suke amfani da shi. Memori mai gigabait 32 a kan megabit 1 bai wuce kwana 3 ba. Idan aka bari sai an gama jinya ko zaman makoki kafin a nema, sau da yawa an makara. Don haka a wakilta mutum ɗaya cikin dangi ya bi wannan aiki tun ranar farko.

Mataki na 1: Rai tukuna, sannan lokaci

A fara da ceton rai. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ta FRSC ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Bayan nan ka tabbatar da ainihin lokacin da abin ya faru. Kada ka dogara da "wajen la'asar ne". Duba jerin kiran wayarka, ko bayanin hoton farko da wani ya ɗauka a wurin, za ka ga awa da minti. A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka rubuta sunan jami'in da aka ba binciken.

Mataki na 2: Nemo kyamarorin

Taka da ƙafa ta kowane ɓangaren titi kana duba ƙarƙashin rumfuna, saman ƙofofi da jikin turakun fitilar sola. Ɗauki hoton kowace kyamara da inda ta fuskanta. Yawancinsu famfon mai ko teburin kuɗi suke kallo, amma gefen hoton yakan kamo titi.

Idan haɗarin ya faru ne tsakanin gonaki inda babu shago, kada ka yanke ƙauna. Motar ta wuce wani gari kafin wurin, kuma ta shiga wani bayansa. Kyamarar gidan man da ke gaba tana iya nuna launinta da irinta, da fasasshiyar fitila ko lotsattsen gaba.

Mataki na 3: Yadda ake roƙo

Ka sani cewa kyamarar kayan mai shago ce, ba ka da ikon tilasta masa. Da yawa suna tsoron zaryar ofishin 'yan sanda, ko a ɗauke musu na'urar gaba ɗaya. Yaron shago ko mai ba da mai ba shi da iko, nemi maigidan ko manaja. Idan ba a san ka a garin ba, ka je da mai unguwa ko wani dattijon da ake jin maganarsa.

Kada ka fara da "ba ni bidiyo". Fara da roƙon a adana: "Alhaji, don Allah a taimaka a cire na jiya daga ƙarfe 4 zuwa 5 a ajiye a wajenku, kada ya goge." Wannan ya fi sauƙin amincewa, domin bai miƙa wa kowa komai ba. In ya ce sai da takarda, ka koma wajen jami'in binciken ya rubuto ko ya zo da kansa. Bankuna da manyan kamfanoni galibi sai da takardar 'yan sanda ko umarnin kotu. Kada ka ga laifinsu, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora musu nauyin kula da hotunan mutanen da suka ɗauka.

Mataki na 4: Gwada agogon na'urar

Nan ne mutane da yawa suke komawa gida da cewa "kyamarar ba ta ɗauka ba", alhali ta ɗauka. Agogon DVR yana yin gaba ko baya, musamman in ƙaramin batirin cikinsa ya mutu ga kuma ɗauke wuta. Kafin a taɓa komai, kara wayarka kusa da allon, wani ya ɗauki hoton agogunan biyu tare. Idan wayarka ta nuna 3:05, allon ya nuna 2:47, na'urar tana baya da minti 18. Haɗarin da ya faru 4:30 sai a neme shi a 4:12. Ajiye wannan hoton, shi ne zai bayyana bambancin lokacin idan an yi musu.

Mataki na 5: Kwafe asalin fayil

Tafi da sabon filash mai gigabait 8 ko 16. Yawancin na'urorin suna karanta tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, amma rabin awa a kan megabit 2 kusan megabait 450 ne kawai.

A na'urorin Hikvision da Dahua da makamantansu, ana shiga wajen da aka rubuta Playback a nemo lokacin, sannan a je Export ko Backup, a zaɓi kyamara da lokacin farawa da na ƙarewa. A ɗauko aƙalla minti 15 kafin haɗarin da 15 bayansa, daga duk kyamarar da ta ga titi. Bari mai shagon ko wanda ya haɗa masa kyamarar ya danna da hannunsa. Ka kiyayi duk wajen da aka rubuta Format ko Initialize a kan had-dis, domin sharewa yake yi.

Idan kyamarar memori ce, mai ita zai iya sauke bidiyon ta manhajar wayarsa, irin su V380 Pro ko iCSee. Ko kuma a kashe ta, a zare memorin, ka saya masa sabo a madadinsa.

Kafin ka bar shagon, buɗe fayil ɗin ka gani. Na Dahua yakan zo da .dav a ƙarshen sunansa, wanda ba kowace waya ke buɗewa ba. Gwada VLC, in ya ƙi a yi amfani da Smart Player a kwamfuta. Ɗaukar allon da wayarka yana da amfani idan babu wata hanya, amma lambar mota takan dushe.

Mataki na 6: Adana shi yadda zai zama hujja

Kada ka yanke shi, kada ka sa masa kibiya ko rubutu, kada ka canza sunansa. Yi kwafi biyu, ɗaya a Google Drive, filash ɗin kuma a sa a ambulan a ajiye. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, domin turawa a matsayin bidiyo tana matse shi har ingancinsa ya ragu.

Idan magana za ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da ta samar da bidiyon da yadda aka ciro shi, da sa hannun mai kula da ita. Don haka rubuta samfurin na'urar, ranar da aka kwafa, da wanda ya kwafa. Ko maganar ba ta je kotu ba, bidiyon zai yi aiki a zaman sulhu gaban dagaci, ko wajen kamfanin inshora. Tun Janairun 2023, inshorar dole ta ƙananan motocin gida, wadda ake biyan naira 15,000, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har ta naira miliyan 3, kuma kamfani ba ya biya sai da hujja.

Kada ya hau TikTok

Wanda ya ba ka bidiyon amana ya ba ka. A ciki akwai ɗan wani ko mahaifiyar wani a mawuyacin hali, kuma bai dace danginsu su fara gani a Facebook ba. Haka nan hoto mai dishi-dishi yana iya sa a nuna motar da ba ita ba, fushin jama'a ya faɗa kan marar laifi. Miƙa shi ga jami'in bincike ko lauya kawai. Yaɗa shi zai sa gobe mai shagon ya hana wani mabuƙacin.

Ga masu shago da ke karanta mu: ku duba agogon na'urarku yau, ku kuma duba kwana nawa take riƙe bidiyo. Wata rana ita ce za ta wanke wani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare mu da tsautsayi.