HAƘƘIN ƊALIBI MAKAHO A ƊAKIN JARRABAWA



Darasinmu na yau a kan wasu bayin Allah ne da ba kasafai muke tuna su ba idan ana zancen makaranta, wato ɗalibai makafi. Koke biyu ne suka fi yawa a cikin abin da suke kawo mini: yadda ake gudanar musu da jarrabawa, da kuma riƙe musu sakamako bayan sun gama. Ina so mu auna abin da ma'aunin shari'a, domin da yawanmu mun ɗauka taimako ake yi musu, alhali haƙƙi ne da za a tambaye mu a kansa gobe kiyama.

Mu fara da Abdullahi Ibn Ummi Maktum (RA). Kowa ya san a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka. Ilimi ya zo nema a wurin Manzon Allah (SAW), lokacin yana magana da manyan Ƙuraishawa, sai Allah Ya yi wa mafi darajar halitta gyara saboda shi. To idan an yi wa Annabi gyara a kan makaho mai neman ilimi, wane shugaban makaranta ne ya fi ƙarfin gyara?

Amma abin da na fi so ku lura da shi yana cikin hadisin kiran salla da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ladanai biyu ne a Madina, Bilal da Ibn Ummi Maktum. Bilal yana kira da sauran dare, mai sahur ya ci gaba da ci har sai Ibn Ummi Maktum ya kira. Kun ga kenan azumin gari guda an rataya shi a muryar mutumin da ba ya ganin alfijir. Yaya aka yi? Ruwayar Bukhari ta bayyana cewa ba ya kira sai an gaya masa gari ya waye. Aikin ladanci nasa ne, muryar tasa ce, amanar tasa ce. Abu ɗaya da ba zai iya ba, wato duban sama, shi ne wani ya ɗauke masa. Ba a ƙwace aikin ba, ba a kuma bar shi yana lalube ba.

Wannan shi ne adalcin da muke nema a ɗakin jarrabawa. Malamin da ya miƙa wa makaho takarda irin ta kowa, ya ba shi lokaci irin na kowa, sannan ya ce "ni ban nuna bambanci ba", wallahi ya yi zalunci ko bai sani ba. Ilimin yaron ake son aunawa, shi kuwa idonsa ya auna.

Bari in yi bayanin abin a aikace. Rubutun makafi, wanda Bafaranshe Louis Braille ya ƙirƙiro, ɗigo-ɗigo ne da ake shafawa da yatsa, kowane harafi ana haɗa shi daga cikin ɗigo shida. Ido yana kwashe layi guda a kallo ɗaya, yatsa kuwa sai ya bi harafi bayan harafi. Shafi ɗaya na masu gani yakan cinye shafuka da dama. Mai rubutu da allon huji daga dama yake hudawa zuwa hagu, sai ya juya takardar kafin ya karanta abin da ya rubuta. Don haka ƙarin lokaci ba gata ba ne. Haka tambayar da aka gina a kan taswira ko zane, dole a musanya ta da wadda ta yi daidai da ita a nauyi. Idan kuma karanta masa za a yi, to a samo wanda ya iya karatun, kada a ɗauko wanda zai lalata masa tambaya tun kafin ya fara tunani.

A nan kuma zan ja kunnen ɗaya ɓangaren. Kai mai karanta masa ko mai rubuta masa, aron ido da hannu ka ba shi, ban da ƙwaƙwalwa. Idan ka raɗa masa amsa don tausayi, ka yi ha'inci, kuma Annabi (SAW) ya barranta daga maha'inci kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Ka kuma cuci sauran makafi, domin irin wannan ne ke sa a riƙa zargin duk wanda ya ci da guminsa.

Sai maganar riƙe sakamako. Takardar amsar makaho tana bin doguwar hanya: sai an samu wanda ya iya rubutun ya mayar da ita rubutun masu gani kafin a yi maki. A wannan hanyar ce takarda kan ɓata, ko a manta ta a ofis, ko a sa wa yaro alamar bai zauna ba alhali ya zauna. Wani kuma laifin satar amsa da wasu suka yi a cibiyarsu ne zai shafe shi. Ga abu uku da nake tunatarwa:

1. Asalin mutum kuɓuta ne daga laifi, kuma hujja tana kan mai zargi. Idan akwai tuhuma a faɗa masa ita, a saurare shi, a yanke hukunci a kan lokaci.

2. Alƙur'ani ya maimaita cewa ba a ɗora wa wani laifin wani. Sakacin ma'aikaci ba laifin ɗalibi ba ne.

3. Sakamako amana ce a hannun mai riƙe da shi. Annabi (SAW) ya kira jan-ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci. To ina ga wanda sa hannu kawai ya rage masa?

Ku tuna "ka dawo gobe" ba nauyinta ɗaya ba a kan kowa. Makaho sai ya nemi ɗan jagora, ya biya kuɗin mota na mutum biyu, ya isa a ce masa sanarwa na manne a allo. Kafin a ankara an rufe ɗaukar ɗalibai, shekara ta tafi. Wata yarinyar daga nan karatu ya ƙare kenan. Wani yaron kuma sai a ce masa dama bara ce ta dace da shi. Imam Ahmad ya ruwaito daga Ibn Abbas tsinuwa a kan wanda ya ɓatar da makaho daga hanya. Ni dai ina ji wa mai tare masa hanyar ilimi tsoro.

Kuma babu uzurin cewa ba zai yiwu ba. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawarsu a cibiyoyi na daban. A Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya. Abin da ya rage shi ne tsoron Allah a zukatan masu aiwatarwa.

Ƙatada, babban malamin tafsiri a cikin tabi'ai, makaho ne. Haka Imam Shaɗibi da masu ƙira'a suke dogaro da littafinsa har yau. Sheikh Ibn Baz ya rasa ganinsa yana saurayi, ya kuma zama babban muftin Saudiyya. Wa ya san wanda ke cikin yaran nan da takardunsu ke kwance a ƙasan tebur?

Iyaye, ku sanar da lalurar yaranku tun wajen rajista, ku adana duk wata shaida. Masu makarantu, har da na Islamiyya da na hadda, ku yi tanadi tun kafin ranar. Wanda kuma ya san akwai irin wannan takarda a ofishinsa, na yi masa hannunka mai sanda: ya fito da ita tun gobe da safe.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin bayinSa, Ya tsare mu daga makantar zuci. Amin.