Darasi na 14: Neman Diyya da Taimakon Lauya

Diyya ba baƙuwar kalma ba ce a gare mu. Tun kaka da kakanni mun sani wanda ya ji wa wani rauni, ko da bisa kuskure, akwai hakki a kansa. Dokar ƙasa ita ma haka ta ce. In mota ta buge mutum saboda gangancin direba, yana iya neman diyya. Diyyar nan ta haɗa kuɗin magani, da asarar kwanakin da bai yi aiki ba, da wahalar ciwo, da naƙasa in ta samu.

Wane ne zai biya?

Tun 1945 aka kafa doka a Nijeriya cewa kowace mota ta yi inshora saboda mutanen da za ta iya bugewa. Don haka sau da yawa kamfanin inshora ne ke biya. Ma'aikaci kuwa, wanda ya ji rauni a bakin aiki, akwai dokarsa ta 2010. Hukumar NSITF ke biyansa daga kuɗin da masu ba da aiki ke zubawa. Ana so ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, ya kuma nemi diyya cikin shekara 1.

Kamfanoni suna da lauyoyinsu. Mu ma ya kamata mu sami namu. Lauya shi ne wanda ya koyi doka, aka ba shi izinin tsaya wa mutane a kotu. Amma lauya ba ya wurin sa'ad da abin ya faru. Kamar maɗinki yake, yadin da muka kai masa da shi zai yi riga. Yadin nan kuwa shi ne shaida.

Abin da za mu tanada

Da fari mu tafi asibiti, ko da za mu je wurin mai ɗori daga baya. Takardar likita ita ce za ta nuna wa alƙali irin raunin. Sa'an nan a kai rahoto wurin 'yan sanda. Mu rubuta lambar motar, da rana, da wuri, da sunayen waɗanda suka gani. Kowane rasit na magani da na kuɗin mota mu adana shi cikin leda. Kada ruwa ko gara su taɓa shi. A nan ne amfanin karatunmu zai fito. Wanda ya iya rubuta lambar mota ya riga ya yi wa lauyansa rabin aiki.

Kada mu yi jinkiri. Doka ta yanka lokacin kai ƙara, in ya wuce shi ke nan, ko da gaskiya tana wurinmu. In abin ya shafi ma'aikacin gwamnati a bakin aikinsa, wata 3 kaɗai dokar tarayya ta bayar. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Zama da lauya

Mu faɗa masa gaskiya duka, har abin da ba mu so a ji. Doka ta hana shi tona asirinmu. A ce wani manomi yana kan keke da dare ba fitila, mota ta buge shi. In ya ɓoye zancen fitilar, lauyan kamfani zai tono shi a gaban alƙali, nasa lauyan ya rasa ta cewa. In kuwa ya faɗa tun da wuri, lauya zai shirya. Mai yiwuwa a rage diyyar gwargwadon laifinsa, amma ba lalle ya rasa duka ba.

Zancen lada kuma a gama shi tun ranar farko. Wani lauya a kan biya shi tun gaba. Wani ya kan yarda ya ɗauki kashi daga diyyar in an samu. Ko wanne ne, mu tambaya: nawa ne? Wa zai biya kuɗin kotu? In ba a ci nasara ba fa? A rubuta a takarda, a ba mu tamu. Ba rashin kunya ba ne, matambayi ba ya ɓata.

Wanda ba shi da hali kada ya fid da rai. Akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976. Tana da ofisoshi a jihohi, tana kuma ba talaka lauya kyauta a kan ƙarar haɗari.

Hattara da dangwala yatsa

Wata rana za a zo mana har gadon asibiti da 'yan kuɗi da takarda, a ce mu dangwala. Sau da yawa takardar tana cewa mun karɓi hakkinmu duka. In muka dangwala, sa'an nan ƙafa ta ƙi warkewa, da wuya mu sami ƙari. Mu ce sai lauyanmu ya gani, sai kuma likita ya faɗi iyakar raunin. Sulhu alheri ne, ƙararraki da yawa da shi suke ƙarewa. Amma lauya shawara zai ba mu, yarda tamu ce. Ran da aka biya, mu nemi lissafi a rubuce, mu karanta da kanmu.

Sababbin kalmomi: diyya, lauya, inshora, rasit, shaida, sulhu.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne diyya ta haɗa?
2. Don me za mu fara zuwa asibiti?
3. Cikin kwana nawa ma'aikaci zai sanar da maigidansa?
4. Me za mu ce wa wanda ya kawo mana takarda mu dangwala?

Aikin rubutu: Kowa ya rubuta kwanan watan yau, da sunan garinsa, da lambar mota ɗaya da ya gani a hanya.